Mayar da Chevelle ta 1970 daga otomatik zuwa giyar hannu: ta ina ake farawa?

Malibu70:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da mota ƙirar Chevrolet Chevelle Malibu ta shekarar 1970, mai inji V8 na 350 da giyabos ɗin otomatik mai giya uku, wato Turbo-Hydramatic 350, kuma sandar giyarta a jikin sitiyari take. Injin shi ne wanda ta zo da shi, ba a taɓa ƙara masa ƙarfi ba, giyabos ɗin ma lafiyarsa ƙalau. Burina shi ne in mayar da ita mai kuloci da sandar giya a ƙasa, domin a ganina rabin daɗin tuƙa irin waɗannan motoci yana cikin sauya giya da hannu ne.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne zaɓin giyabos. An yi mini tayin tsohon Muncie M21 mai giya huɗu wanda aka gyara, amma kuma ina ganin mutane da yawa suna yabon Tremec TKX mai giya biyar. Ina kuma neman wanda ya san aikin ya lissafa mini kayan da ke biyo bayan giyabos ɗin, kada in kwance mota sannan ta shekara a kan jak ina farautar ƙananan ƙarafa. A ƙarshe, shin wannan sauyi zai karya darajar motar idan wata rana na so sayar da ita?

Tsohon_Makanike:

Wa alaikumus salam, Malam. Motarka tana cikin waɗanda wannan aiki ya fi sauƙi a kansu, saboda kamfanin Chevrolet da kansa ya fitar da Chevelle ta 1970 da giyar hannu, don haka an riga an tanadi gurbin kusan kowane ƙarfe, kuma har yau ana ƙera kwafin kayan. Duk da haka, giyabos ɗin shi ne abu mafi girma a ido kawai. Ƙananan kayan da ke kewaye da shi su ne suke cinye lokaci.

Daga cikin mota, za ka cire faffaɗar fedar birki ta otomatik ka sa fedoji biyu, ta kuloci da siririyar ta birki, sannan ka yanka ramin sandar giya a bene. Daga ƙarƙashi kuwa kana buƙatar fulawil, faifan kuloci da murfinsa, boris ɗin da ke tura kuloci da cokalinsa, kwanon da ke rufe su duka ya haɗa inji da giyabos, da kuma ɗan bushin da ake cusawa a gindin karanshaf domin ya riƙe kan sandar giyabos. Gicciyen ƙarfen da giyabos ke zama a kai da farfela sai an gwada su bayan an ɗaura komai, kada ka saye su da ka.

A fulawil nan ne mutane suka fi yin ɓarna, don haka bari in ɗan tsaya a kansa. Injin Chevrolet na 350 na wancan zamani an daidaita nauyinsa daga ciki, saboda haka yana son fulawil wanda ba a ƙara masa nauyi a gefe guda ba. Injin 400 da na 454 kuwa daga waje aka daidaita su, fulawil ɗinsu yana ɗauke da wani nauyi na musamman. Dukansu suna shiga ƙusoshi iri ɗaya, shi ya sa ake ruɗewa, amma idan ka ɗaura na 400 a kan 350 injin zai riƙa jijjiga har ya cinye boris ɗin karanshaf. Haka kuma wanda aka yi wa injunan 1986 zuwa sama ba zai shiga naka ba, domin an sauya tsarin ramukan ƙusa a wannan shekara. Sannan akwai girma biyu: mai haƙora 153 wanda ke ɗaukar kuloci mai faɗin kimanin inci 10 da rabi, da mai haƙora 168 wanda ke ɗaukar mai inci 11. Wanda ka zaɓa dole ya dace da kwanon kuloci da kuma kik, domin kik ɗin ɗaya ba ya kama haƙoran ɗayan. Ka ƙirga haƙoran faifan otomatik ɗin da za ka cire, sai ka san wane ne ba zai tilasta maka sayen sabon kik ba, kodayake wani lokaci hancin kik ɗin otomatik ba ya shiga kwanon kuloci ko da haƙoran sun dace.

Game da bushin gindin karanshaf, sa'arka ita ce Chevrolet kake da ita. Masu Dodge da Plymouth da Oldsmobile sukan tarar cewa karanshaf ɗin motar da ta fito da otomatik ba a gama huda masa wannan rami ba, sai sun nemi boris na musamman. Naka yana da ramin. Idan za ka sayi bushin tagulla, ka kai masa maganaɗisu. Idan ya manne, an gauraya shi da baƙin ƙarfe da yawa, ka mayar da shi ka nemi wanda ba ya mannewa.

Aikin da ba na yarda a tsallake shi ne auna kwanon kuloci. Bayan an ɗaure shi a jikin inji, kafin a sa giyabos, ana manna agogon awo a kan fulawil, a ɗora allurarsa a cikin bakin ramin kwanon, sannan mutum ɗaya ya riƙa juya karanshaf a hankali, ɗayan yana kwance a ƙasa yana rubuta abin da allurar ta nuna a sama da ƙasa da dama da hagu. Tremec ba ya yarda tsakiyar ramin ta kauce wa tsakiyar karanshaf da fiye da inci 0.005. Idan ta wuce haka, ana cire turakun ƙarfe biyu da ke saita kwanon a sa masu ɗan karkata, a juya su har awon ya dawo daidai. Wanda ya ƙi yin wannan zai samu giya mai tauri, ko ta huɗu ta riƙa fita da kanta, sai ya ɗora wa giyabos laifin da ba nasa ba. A wannan zama kuma ka auna yadda karanshaf ke motsi gaba da baya, domin daga yanzu duk lokacin da ka taka kuloci turinsa a kan boris ɗin da ke tare wannan motsi zai sauka.

Ban ce komai a kan Muncie ko Tremec ba tukuna, domin ba ka faɗa mana lissafin aksul ɗinka na baya ba, wato yawan zagayen da farfela ke yi kafin tayoyin baya su yi zagaye ɗaya.

Mai_Lissafi:

Maigida Tsohon_Makanike ya taɓo ainihin maganar a jimlarsa ta ƙarshe, kuma ina ganin ita ya kamata ta zo farko. Malam Malibu70, ba a zaɓar giyabos shi kaɗai, da aksul ake zaɓarsa. Motocin da suka fito da otomatik da ƙaramin V8 yawanci an ba su aksul mai doguwar ƙafa, irin 2.73 ko 3.08, kuma ba sa jin nauyin tashi saboda kwanon mai da ke tsakanin inji da giyabos ɗin otomatik yana ninka ƙarfin juyi kusan sau biyu a lokacin da mota ke tsaye. Giyar farko ta Turbo-Hydramatic 350 tana da 2.52, wato sandar da ke shiga giyabos tana juyawa sau 2.52 kafin farfela ta juya sau ɗaya. Da zarar ka cire otomatik, wannan ninki ya tafi, abin da ya rage maka shi ne giyar farko a ninka ta da lissafin aksul, sauran kuma faifan kuloci ne zai biya da jikinsa.

M21 da aka yi maka tayi giyarsa ta farko 2.20 ce, daidai da ta ɗan'uwansa Muncie M22. An yi su ne domin motocin da ke da aksul mai gajeriyar ƙafa, kamar 3.73 ko 4.11, inda ake son giyoyi su matsu kusa da juna don kada juyin inji ya faɗi sosai idan an sauya. Muncie M20 kuwa na shekarun motarka yana da 2.52. Ƙa'idar da masu wannan aiki suke bi ita ce, idan aka ninka giyar farko da aksul, a samu wani abu kusa da 9 zuwa 10 ga motar da za ta riƙa shiga cunkoso da hawan tudu.

Sanin lissafin aksul ba ya buƙatar buɗe shi. Ka ɗaga bayan mota a kan matokarai masu ƙarfi, ka sa giya a firi, ka yi alama da alli a jikin farfela da kuma taya. Ka juya taya ɗaya: idan ɗayar ta bi ta, ta juya gefe ɗaya da ita, to ka juya tayar zagaye ɗaya cif kana ƙirga zagayen farfela. Idan kuwa ɗayar ta juya baya, sai wani ya riƙe ta, kai kuma ka juya taka zagaye biyu. Zagaye biyu da kashi uku cikin huɗu na farfela yana nufin 2.73, uku da ɗan ɗoriya 3.08, uku da rabi da 'yan kai 3.55. Ka dawo mana da abin da ka samu da kuma tsayin tayarka.

Hajiya_V8:

Tunda an bar tambayarka ta uku, ni zan ɗauke ta. A shekarar 1970 Chevelle SS, wato samfurin Super Sport, da manyan injuna kawai ta fito, na 396 da na 454, kuma a cikinsu ne akwai LS6 mai ƙarfin doki 450 da masu tara tsofaffin motoci suke rububi. Da irin wannan ce a hannunka, kuma injinta da giyabos ɗinta na asali ne, da na ce maka kada ka taɓa ko ƙusa ɗaya, domin masu saye suna duba guntun lambar mota da masana'anta ta buga a jikin inji da jikin giyabos, su gwada ta da wadda ke kan dashbod, kuma a kan dacewar lambobin nan farashi yake tsayawa. Malibu mai 350 tana da yawa, kuma masu nemanta galibi tuƙawa suke so su yi, don haka aikin da aka yi da tsafta ba ya korar su.

Amma ina da sharaɗi guda, kuma a nan ina ɗan saɓa wa masu gaggawar ɗaukar injin yanka. Ka adana duk abin da ka cire: giyabos ɗin da kwanon mansa, fedar birki, sandunan da ke zuwa sitiyari, farfela, har da guntun ƙarfen benen da ka yanke. Giyabos ɗin nan yana ɗauke da lambar motarka, kuma babu wani a duniya da ke ɗauke da ita. Ramin sandar giya ƙarami ne, mai walda zai iya mayar da shi. Abin da ba ya komawa cikin sauƙi shi ne faffarke tudun da ke tsakiyar bene domin a cusa babban giyabos, kamar yadda akan yi wa T56 Magnum mai giya shida. Wannan giyabos an yi shi ya ɗauki ƙarfin juyi har 700 a ma'aunin fam da ƙafa, abin da injinka na asali bai kai ko kusa ba, don haka ban ga dalilin lalata bene saboda shi ba.

Wani abu kuma, idan kujerarka ta gaba doguwa ce mai haɗe, kamar yadda aka saba a motocin da giyarsu ke sitiyari, ka nemi sandar giya mai lanƙwasa da aka yi wa irin wannan kujera. Miƙaƙƙiya za ta riƙa dukan kujera a giya ta biyu da ta huɗu.

Malibu70:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na yi gwajin da Malam Mai_Lissafi ya kwatanta: tayar ɗaya gefen baya take juyawa, kuma da aka riƙe ta na juya tawa sau biyu, farfela ta yi zagaye biyu da kusan kashi uku cikin huɗu. Ke nan 2.73 ne. Tsayin taya kimanin inci 26 ne, murfin aksul ɗin kuma ƙusa goma ne. Hajiya, kujerar doguwa ce kamar yadda kika yi hasashe, kuma na karɓi shawararki ta adana kayan. Yanzu mene ne lissafin ya nuna? Sannan Maigida, tsakanin kuloci na sanduna da na mai, wanne ka fi so a wannan mota?

Mai_Lissafi:

To, lissafi ya raba gardama a kan M21. Idan ka ninka 2.20 da 2.73 za ka samu kusan 6.0, wato tamkar kana tayar da mota a giya ta biyu ne a kowace danja. Za ta tashi, amma sai da totur mai yawa da goga kuloci, kuma ƙaurinsa zai zama abokin tafiyarka. M20 zai ba ka kusan 6.9, wanda ya ɗan fi amma bai kai ba. TKX yana zuwa da giyar farko iri biyu: mai 3.27 wanda ta biyar ɗinsa 0.72 ce, da mai 2.87 wanda ake samun ta biyar ɗinsa a 0.68 ko 0.81. Mai 3.27 a kan aksul ɗinka zai ba da kusan 8.9, kuma wannan ya isa motar ta tashi ba tare da roƙo ba.

Sai dai a duba ɗaya ƙarshen. Ana samun juyin inji ta hanyar ninka gudu a mil da lissafin aksul da 336, a raba da tsayin taya a inci. A gudun mil 70 a awa, da 2.73 da taya mai inci 26, injinka zai riƙa juyi kusan 2,470 a minti a giya ta huɗu, wadda take ɗaya da ɗaya, kuma kusan daidai da abin da yake yi yanzu a giyar ƙarshe ta otomatik. A ta biyar zai sauka zuwa kusan 1,780. Injin 350 da ba a sauya masa kamshaf ba zai iya jan haka a shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma ƙasa da wannan gudu giya ta biyar ba ta da wani amfani a gare ka.

Hanya ta biyu ta fi tsada amma ita ce na fi so. A sauya haƙoran aksul zuwa 3.55, a haɗa da TKX mai 2.87 da 0.68: tashi zai zama kusan 10.2, a mil 70 kuma injin zai zauna a kusan 2,180. Idan kuwa ranka yana kan Muncie saboda kamanni da ƙarar zamanin, M20 da 3.55 zai ba ka kusan 8.9 a tashi, amma a babbar hanya za ka zauna a kusan 3,200 tun daga farko har ƙarshen tafiya. Ka sani cewa a aksul ɗin Chevrolet mai ƙusa goma na wannan zamani, ƙoƙon da ke ɗauke da babban faifan haƙora na 2.73 ba ya karɓar na 3.08 zuwa sama, don haka shi ma sai an sauya shi. Tunda za a sauya, nan ne lokacin sa irin wanda ke ba tayoyi biyu ƙarfi tare.

Tsohon_Makanike:

Ban ƙi lissafin ba, amma ni zan ce ka fara da TKX mai 3.27 ka bar aksul yadda yake, ka tuƙa ta tukuna. Idan daga baya ka ga ta yi maka sanyi, 3.08 zai kai tashin zuwa kusan 10, kuma ba sai ka sake sayen giyabos ba. Aiki biyu a lokaci guda yana sa idan wata ƙara ta fito ka rasa inda ta samo asali.

TKX na motocin General Motors, kamfanin da ya mallaki Chevrolet, yana hawa kwanon kuloci irin na Muncie, amma sandarsa ta gaba haƙora 26 gare ta, ta baya kuma 31, don haka faifan kuloci ya zama mai haƙora 26, kuma kan farfelarka mai haƙora 27 ba zai shiga ba. Za ka sa sabon kai a auna tsayi a yanke farfela ko a ƙera sabuwa. An matse jikin wannan giyabos domin ya shiga tsofaffin motoci, amma tudun benen Chevelle matsattse ne, saboda haka ka ɗaga shi ka gwada kafin ka yanke komai. Kada ka sauke wutsiyarsa ƙasa don kawai ka guje wa taɓa bene, domin kusurwar mahaɗan farfela biyu ya kamata ta zama ƙarama, kada ta wuce digiri uku, kuma su yi kusan daidai da juna. In ba haka ba za ka ji jijjiga a gudun babbar hanya wadda babu gyaran taya da zai kawar da ita.

A kan tambayarka, na sanduna shi ne na masana'anta: feda tana tura sanda, sandar ta juya wani ƙarfe mai siffar Z da ke rataye tsakanin jikin inji da firam, shi kuma ya tura cokalin kuloci. Ba ya yoyo, ana saita shi da sifana, kuma tunda injinka na 1970 ne yana da ramin da ake ɗaura ƙwallon da ƙarfen ke juyawa a kai. Matsalarsa ita ce bututun hayaƙi na kasuwa sukan tare masa hanya, kuma idan robobin zaman inji sun mutu injin yana motsawa da shi, sai kuloci ya riƙa karkarwa wajen tashi. Na mai ya fi laushi a ƙafa, amma yana buƙatar a ƙarfafa bangon da masta, wato famfon man da feda ke turawa, ke zama don kada ya tsage, a kuma auna ratar da ke tsakanin boris da yatsun murfin kuloci daidai da yadda maƙerinsa ya rubuta, kuma ranar da ya yi yoyo a cikin kwano sai an sauke giyabos gaba ɗaya. A motar da bututun hayaƙinta na asali ne kamar taka, na sanduna zan sa, tare da sababbin robobin zaman inji.

Akwai ragowar otomatik da za ka bi ɗaya bayan ɗaya. Ka toshe ramuka biyu na man giya a lagireto, ka cire wayar da ke tashi daga totur zuwa giyabos, ka kuma toshe siririn bututun iska da ke tashi daga inji zuwa gare shi, in ba haka ba injin zai riƙa shan iska ta ɓarauniyar hanya ya ƙi zama a silo. Makunnin da ke hana mota tashi sai a fakin ko firi kada ka haɗe wayoyinsa kawai ka manta. Ka mayar da su kan makunni a fedar kuloci yadda kik ba zai juya ba sai an taka ta. Wayoyin fitilar ribas su koma kan makunnin da ke jikin sabon giyabos, maleji kuma yana buƙatar ɗan haƙorin da ya dace da aksul da taya. Tun daga 1969 General Motors ta mayar da makulli jikin sitiyari, kuma a motarka ba ya fita sai sandar giya tana fakin, don haka ka ɗaure ɗan hannun da ke ƙasan sandar sitiyari a matsayin fakin, ko ka sauya sandar sitiyarin da irin ta motocin giyar ƙasa. Hambirki kuma ka gyara shi kafin motar ta sauka daga jak, domin fakin ya tafi tare da otomatik, kuma wayoyin hambirkin motocin otomatik sukan yi tsatsa saboda shekaru ba a ja su ba.

Idan an gama, masu ƙera kuloci yawanci suna so a yi kimanin mil 500 na tuƙin cikin gari a hankali kafin a matsa masa. Ka turo mana awon kwanon kuloci guda huɗu idan ka ɗauka, sai mu ga ko kana buƙatar turaku masu karkata da kuma girman da za ka saya.